Kurakuran da aka fi yi wajen sayen babbar katkat, daga Ngaundere har Njamena

A Garwa ko Marwa ko Njamena, da zarar Allah ya buɗa wa mutum, abin da ake jiran gani a ƙofar gidansa shi ne babbar katkat, wato mota mai tudu mai ja da ƙafa huɗu: Land Cruiser da muke kira V8, ko Prado, ko Lexus mai baƙin gilashi. Ba laifi ba ne, kuma ba mu kaɗai ke da wannan sha'awa ba. Hukumar makamashi ta duniya ta ce kashi 48 cikin ɗari na motocin da aka sayar a duniya a 2023 irin waɗannan masu tudu ne, manyansu da ƙananansu. Kamfanoni sun ga inda kuɗi yake, suka bi. Porsche ya fito da Cayenne a 2002, Bentley ya kawo Bentayga a 2015, Rolls-Royce ya biyo da Cullinan a 2018, har Ferrari da ya daɗe yana noƙewa ya fito da Purosangue a 2022.

Sai dai mu tambayi kanmu: don wa ake ƙera su? Ana haɗa BMW X7 a jihar South Carolina ta Amurka, Mercedes GLS kuma a Alabama. Wanda ya zana su attajiran Amurka da Sin da ƙasashen Larabawa ne a ransa, masu kwalta sumul, da tataccen mai, da gareji mai kwamfuta a kusa. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ba ta cikin lissafinsa. Yawancin asarar da mutanenmu ke tafkawa daga nan take farawa.

Kuskuren da ya fi kowane girma shi ne sayen suna. A wannan yanki sunan Toyota ba a banza ya samu ba. A 1987 sojojin Chadi sun kori dakarun Libiya daga Fada a watan Janairu, daga Wadi Dum kuma a Maris, a kan akori-kurar Hilux da Land Cruiser, har duniya ta sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Amma waɗancan motoci ƙarfe ne da inji kawai, babu wani tarkacen lantarki. Zuriyarsu tana nan: ita ce Land Cruiser 70 da ake ƙerawa tun 1984, wato 76 da 78 da 79 da ƙungiyoyin agaji ke shiga daji da su. Ta alfarmar kuwa hanya daban ta ɗauka. Samfurin 200, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2021, shi ne V8 na gaskiya. Samfurin 300 da ya gaje shi a 2021 ba shi da V8 ko kaɗan, ko da yake har yau haka muke kiransa. V6 ne mai turbo biyu da giya goma. Ya fi tsohon ƙarfi, ya fi shi rashin nauyi da kimanin kilo 200, kuma mutane sun yi masa rububin da a farkon 2022 Toyota ya shaida wa masu saye a Japan cewa jiran zai iya kai shekara huɗu. Amma inji ne mai son kulawa, ba ya yafe gurɓataccen mai, ba ya yafe jinkirin juye. A 2024 ma kamfanin ya yi wa motoci kimanin 102,000 kiranye a Amurka, Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta. Wanda aka kawo masa LX 600 daga can, ya sa a bincika da lambar shasi ko an yi mata wannan gyara.

Gyaran kuskuren shi ne mutum ya fara da aikin da motar za ta yi. In kai ɗan kasuwa ne mai zirga-zirgar Abeshe da Mundu, ko mai garke da gona a bayan Gider, 76 ko Prado maras ƙyale-ƙyale za ta fi yi maka biyayya, kuma kayanta suna nan a kasuwa. In kuwa daga gida ne zuwa ofis, sai ɗaurin aure da tarbar baƙi, ta alfarmar ba za ta ba ka kunya ba, muddin ka kiyaye abin da ke tafe.

Na biyu, ba a tambayar ƙasar da aka ƙera motar dominta. Suna ɗaya, fuska ɗaya, amma cikin ya bambanta. Mai gazuwal, wato dizal, da aka yi wa Turai tana ɗauke da matatar hayaƙi a salansa, da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue, duk don cika dokar hayaƙin can. Waɗannan kaya suna son gazuwal maras farar wuta da yawa, abin da ba koyaushe ake samu a wajenmu ba. Sai matatar ta toshe, fitila ta kama a dashbod, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, ka ga babbar mota tana rarrafe a hawan dutsen Ngaundere kamar ta ɗauko siminti. Daga nan a ce a yanke matatar a yi wa kwamfuta dabara. Wani lokaci a dace, wani lokaci a buɗe wata sabuwar ƙofar wahala, ga hayaƙin da ’ya’yanmu za su shaƙa. Mafi sauƙi shi ne tun farko a nemi wadda aka yi wa Afirka ko ƙasashen Larabawa, don an tanadar mata zafi da ƙura. CFAO, wakilin Toyota a Kamaru da Chadi, irinsu yake shigowa da su. Haka nan a guji wadda aka yi wa Japan aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu a wani gareji. An taɓa sitiyari da birki da wayoyi, kuma ba ka san hannun da ya taɓa ba.

Na uku, shekarar mota. A nan zan daɗe kaɗan, don a nan ake cutar mutane ido na ganin ido. Dillali zai ce, “Alhaji, wannan ai 2020 ce, ka dubi fitilunta.” Fitilu ba shaida ba ne. Ana sayar da cikakken kayan sauya fuska: bamba, da ragar gaba, da fitilu, har da fatar kujeru, a ɗauki Lexus LX 570 ta 2010 a mayar da ita kamar ta shekaran jiya. Kada ka yi gardama da shi. Ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ka gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da wadda aka buga a jikin ƙarfen shasin da wadda ke kan takardu. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, sau da yawa akwai ɗan ƙyalle a gindinsa mai shekarar da aka yi shi. Sannan ka rubuta lambar shasin a intanet. Idan motar ta bi ta gwanjon Copart ko IAA a Amurka, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo za su fito, ka gan ta da gaba a rugurguje.

Ruwa ya fi haɗari ɓoyuwa. A watan Afrilu na 2024 Dubai ta ga ruwan saman da ba ta taɓa gani ba cikin shekara 75, motoci masu yawa suka nutse, kuma Dubai na cikin manyan kasuwannin da muke sayowa. Motar da ta sha ruwa tana iya tafiya lafiya wata shida kafin wayoyinta su fara ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Ka durƙusa ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar gaba, ka sa hannu ka ji ko akwai busasshen laka ko yashi mai laushi. Ka haska tocila a kan ƙarafan da kujera ke gudu a kai da kusoshinsu. Tsatsa a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa magana ce. Ka rufe ƙofofi, ka kashe turaren da aka rataya, ka kunna iska ka shinshina. In mai motar ya hana ka kawo bakaniken da ka yarda da shi da na'urar bincike, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

Sai kuma zuba duk abin da ake da shi a wajen saye. Ba sayen doki ne wuya ba, harawarsa. LX 570 na shan kusan lita 20 a kilomita 100 cikin gari. Land Cruiser 200 mai tanki biyu tana ɗaukar lita 138. A farashin sefa 840 da aka sa wa litar fetur a Kamaru a Fabrairun 2024, cika ta sau ɗaya ya haura sefa dubu 115. A wannan watan ne Chadi ma ta ɗaga fetur zuwa 730, gazuwal zuwa 828. Da lissafin ya ƙi fita sai a koma wa zuwa-zuwa, wato man jarka na bakin titi, wanda shi ma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 ya daina zama na banza. Ba na zargin yaran da ke neman abincinsu da shi, amma man da ya kwana a jarka ya sha rana, wani da ruwa ko kananzir a ciki, tsohuwar 504 ce ke iya haɗiye shi. Injin zamani nozul ɗinsa yake fara ci, kuma kuɗin saitin nozul ya fi duk rarar da aka yi a shekara. A sha a gidan mai da aka sani. In tafiya ta tilasta, a zuba ta mazurari mai matata, a riƙa sauya matatar mai kafin lokacinta, mai gazuwal kuma ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar. Wanda ba zai iya ajiye kuɗin taya huɗu da babban gyara ɗaya a gefe ba, ya sauko mataki ɗaya a zaɓinsa.

Taya ma: wili mai inci 21 ko 22 yana da kyau a hoto, amma robar siririya ce, ramin farko tsakanin Marwa da Mora zai iya fasa ta ya lanƙwasa wilin. In birkin motar ya ba da wuri, a sauko zuwa 18. Haka ƙafafun da ke ɗaga mota su sauke ta, na iska a Range Rover da GLS, na mai a LX 570: daɗinsu ba a magana, amma ranar da suka saki motar za ta zauna a ƙasa, kuma kayan sai an yi odarsu. A tambayi farashinsu kafin a biya kuɗin mota.

Bakanikenmu suna da basira, da yawansu a kan tsohon inji mai haƙuri suka koya. Wasu dabarun can a nan ɓarna ne. Kada ka yarda a cire tamostat wai don garinmu da zafi, kwamfutar motar da shi take lissafin man da za ta ba inji. Kada a cika lagireto da ruwan rijiya, a sa ruwan sanyaya inji na ainihi. Kada a zuba baƙin mai mai kauri don an saba. In littafin motar ya ce 0W-20 ko 5W-30, shi za a nema, a wurin da ba a sayar da jabu. Lokacin hunturu matatar iska kan cika da wuri, kuma yawan busa ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye cikin turbo. Sabuwa ta fi araha.

Da damina kuma tudun mota kan ruɗi direba. Land Cruiser 300 an yi ta ta ratsa ruwan da bai wuce santimita 70 ba, shi ma a hankali. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Njamena da Kuseri da Yagwa, ko ya ga yadda mayo, wato rafi, ke cika a Marwa cikin sa'a guda, ya san ruwa na wuce haka. Idan inji ya mutu cikin ruwa, kada a sake tayar da shi, a jawo motar.

Takardu su ne na ƙarshe a wannan rubutu, amma su za ka fara dubawa ranar ciniki. Kuɗin duwan, wato kwastan, na babbar mota yana da nauyi, don girman inji da shekarun mota duk suna shiga lissafi, shi ya sa ake yawan wasa da shi. Akwai motocin da ake fitarwa daga tashar Duwala da sunan wucewa za su yi zuwa Chadi, sai a sauke su a Ngaundere ko Garwa a sayar ba a biya haƙƙin Kamaru ba. Akwai masu shigowa ta Najeriya daga Kwatano da takardar wata motar daban. Ka karɓi takardar biyan duwan da katin mota, ka je ofishin duwan da ƙafarka a tabbatar maka lambar shasin da ke jikinsu ita ce ta motar, sannan ka biya, a gaban shaidu, da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da wannan lamba.