Kurakuran da ke kayar da sababbin mahaya babur a hanyar inabi ta Alsace

Da an shiga watan Mayu, ayarin babura sun fara hawa hanyar inabi ta Alsace a gabashin Faransa, kuma kurakuran bara su ne na bana. Hanyar kusan kilomita 170 ce, daga Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu, an buɗe ta a 1953, tana ratsa gonakin inabi a gindin tsaunukan Vosges. Sai mutum ya dubi taswira ya ce ai wannan tafiyar rabin yini ce. Daga nan raini ke shiga. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga sababbin zuwa a ƙofar otal kowace safiya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu fara da ƙananan. Lasisinka sai ya dace da girman babur ɗin da za ka haya, don mai lasisin A2 ba ya wuce inji mai ƙarfin kilowat 35, kuma ka zo da lasisin ƙasa da ƙasa tare da na gida. Safar hannu mai tambarin CE, wato shaidar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, doka ce tun 2016, ga direba da wanda ya goya. Rigar nan mai ƙyalli ta gaggawa ta kasance a jakarka. Da ka ga allon sunan gari, gudu ya koma kilomita 50 a awa, ko da ba a rubuta ba.

Yanzu ga babban, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: birkin gaba a kan daɓen duwatsu. Garuruwa irin su Riquewihr, Eguisheim da Kaysersberg an gina su ne don amalanke da ƙafa. Titunansu ƙanana ne, an shimfiɗa su da duwatsun da shekaru suka goge har suna santsi, wasu a kan gangare. A Eguisheim ma lungunan zagaye suke yi, da'ira cikin da'ira. Ruwa kaɗan ya sauka, taya ba ta da abin kamawa. Baƙo ya shigo da babur mai nauyin fiye da kilo 250 da kaya, ya karya kai zai juya, ɗan yawon buɗe ido ya gifta masa da kyamara, sai ya damƙe birkin gaba. Shi ke nan, yana ƙasa. Haka ta same ni a bakin wani filin ajiye motoci, gudun da nake yi ko mai tafiya a ƙafa zai wuce ni. Madubi ya tashi, akwatin gefe ya tsage, fentin tanki ya kwaile, kamfanin haya kuwa ya riƙe kusan duk kuɗin ajiyar da na bari, ga kafaɗa ta hana ni barci har ƙarshen tafiyar.

Abin da nake yi tun daga lokacin: in ana tafiya a hankali, yatsuna ba sa kusantar birkin gaba. Kuloci rabi, mai kaɗan, birkin baya da ƙafa, ido kuma can inda nake son zuwa, ba kan dutsen da ke gaban taya ba. Ba na tsayawa sai kan babur ya miƙe. Wasu jagorori na cewa a shiga da babur har inda doka ta yarda. Ni ban yarda ba. A Riquewihr ajiye shi nake yi a wajen ganuwa in taka zuwa hasumiyar Dolder, wadda ke tsaye tun 1291. Ba za ta gudu ba. Kuma kafin in karɓi makulli sai na ɗauki hoton kowane kwarzane da ke jikin babur, na tambayi nawa inshora ke bar mini in biya da kaina.

Na biyu shi ne girman kai, kuma da ku nake, masu cewa tun kuna yara kuke kan babur. Ranar da ayari ya bar gonaki ya hau Route des Crêtes, hanyar da sojojin Faransa suka yanka a kan tsauni lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusa da tsaunin Grand Ballon mai tsayin mita 1,424, nan ake gane kowa. Madugu ya san kowace kwana kamar yunwar cikinsa. Kai ba ka san ta ba, amma ka manne masa don kada a ce kai ne na baya. To in ka zama na baya sai me? Akwai mai rufe baya, aikinsa ke nan, an biya shi. A miƙaƙƙiyar hanya a jeru hagu da dama a bar tazara, a kwana kuwa kowa ya bi layinsa shi kaɗai. Na ga wani bawan Allah da ya zura wa fitilar na gabansa ido har ya tsallaka farin layi a kwana, Allah ya sa motar da ke saukowa ta rage gudu. Da yamma yana ba da labarin yana dariya. Ni ban yi dariya ba, don ni ne a bayansa.

Sai dokar ba da hanya ga na dama. Tuƙi a hannun dama ba baƙo ba ne ga ɗan Najeriya ko Nijar, amma a ƙauyukan Faransa, in babu allo ko layin tsayawa, motar da ta fito daga lungun damanka ita ke da hanya, komai ƙanƙantar lungun. Allon rawaya mai kusurwa huɗu shi ke nuna hanya taka ce. In ba ka gan shi ba, sassauta.

A Satumba da Oktoba ana girbin inabi. Taraktoci na fitowa daga gona ba sallama, suna zubar da laka da ruwan inabi a kan kwalta, galibi ma a bakin kwana.

Maganar ɗanɗana giya a rumbunan manoma: iyakar doka giram 0.5 ce a litar jini, 0.2 ga sabon direba, amma a ayarina wanda ya kurɓa da rana ya gama tuƙin yini. Wanda ba ya sha, irina, ya faɗa tun wurin yin rajista, ya tambayi ruwan inabi zalla. Haka abinci, don girkin Alsace cike yake da naman alade. Choucroute da tarte flambée duk da shi ake yinsu a al'ada, baeckeoffe kuwa har da giya ake jiƙa namansa. Kada ka bari sai faranti ya iso gabanka ka fara tambaya. Gidajen abinci na ƙauye kuma da ƙarfe biyu ta wuce sun rufe kicin sai dare, saboda haka ka sa burodi, cuku da ruwa a akwati tun daga birnin Colmar.