Yadda ake tantance barazana a harkar sufuri, don sabbin shiga aikin

Wani ƙanena ne da aka tura sashen tantance bayanan tsaro na ɓangaren sufuri ya ishe ni da waya, wai Yaya don Allah me ake yi ne a kujerar nan, shi ya ɗauka bindiga za a ba shi da baƙin gilashi, sai ga shi an ajiye shi gaban kwamfuta da tarin fayil-fayil. Na ce masa ai aikin kenan, kai ba kama mutum za ka yi ba, kai ne za ka gaya wa masu kamawa da masu tsara lokacin tashin jirgi inda ya kamata su sa ido. Abin da na faɗa masa shi zan baza a nan ko wani zai ƙaru.

Kafin komai cire wa ranka cewa matsalar ita ce rashin bayani. Yawanci bayanin yana nan, haɗa shi ne ke gagara. Ka ɗauki maganar Umar Farouk Abdulmutallab. A watan Nuwamban 2009 mahaifinsa da kansa, Alhaji Umaru Mutallab, ya taka har ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗana ya canza, yana Yemen, ina jin tsoron inda ya dosa. Tun kafin nan Ingila ta hana shi biza. An sa sunansa a wani babban kundi mai sunaye sama da rabin miliyan, amma ba a sa shi a jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, bizarsa ta Amurka ma ba a soke ba. Ranar 25 ga Disamba ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a cikin ɗan kamfai, Allah ne kawai ya kiyaye abin bai tashi yadda ya so ba. Obama da bakinsa ya ce suna da isassun bayanai, kasa haɗa su aka yi. To wannan gurbin da ya zama wofi tsakanin ofis da ofis, nan kujerarka take.

Fara da sanin hanyarka kamar yunwar cikinka. In layin dogo aka ba ka, misali Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, kar ka tsaya kan taswira kawai, hau jirgin ka zauna gefen taga da biro da takarda. Ina ne daji ya matso kusa da titin jirgin, ina ne sabis ɗin waya ke ɗaukewa, daga Jere zuwa Rijana in wani abu ya faru minti nawa zai ɗauki motar jami'ai ta iso, da damina wace hanya ce ke yankewa. Kuma ka gane kowane irin sufuri da halinsa. Filin jirgin sama kewaye yake, ana caje kowa, akwai dokokin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, da ƙasashe ke bi, akwai AVSEC, wato jami'an tsaro na FAAN mai kula da filayen jiragen saman Najeriya. Tashar mota kuwa a buɗe take, mai talla ya shiga, ɗan dako ya shiga, ɗan kamasho na jan jakarka, ba wanda ya san wa ye wa, shi ya sa aka iya kai harin tashar New Road a Sabon Garin Kano a Maris 2013 da na Nyanya ranar 14 ga Afrilun 2014 inda mutum sama da 70 suka rasu. Wanda ya kwaso tsarin filin jirgi ya ce zai ɗora wa tasha ɓata wa kansa lokaci yake yi.

Sai ka buɗe kundin abubuwan da ke faruwa, ko littafi ko a Excel, duk ɗaya. Kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, me aka yi, da me aka yi, wa ya faɗa. Har ƙananan abubuwa da kowa zai raina, an kwance ƙusoshin layin dogo, an harbi jirgi ba a samu kowa ba, an ga baƙin babura a kasuwar ƙauye suna sayen fetur da burodi fiye da ƙima. Aikin akwai gundura wallahi, amma a nan ake ganin zare. Duba yadda abin ya jeru kafin harin jirgin Kaduna: masu garkuwa sun addabi titin mota har manya da masu hali suka koma jirgin ƙasa, a Oktoban 2021 aka dasa abin fashewa ya lalata layin wajen Rijana, ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kutsa harabar filin jirgin saman Kaduna suka kashe ma'aikaci ɗaya, bayan kwana biyu ranar 28 da daddare aka tayar da bam a layin wajen Katari, aka kashe aƙalla mutum 8 aka tafi da sama da 60, na ƙarshensu su 23 sai 5 ga Oktoba suka fito. Yanzu da komai ya wuce kowa gwani ne, na sani. Amma mai kundi tun a 2021 ya kamata ya tambayi kansa, in naman ya bar titi ya koma jirgi, ina mafarautan za su bi? Duk inda aka toshe, ɓarna ba ɓacewa take ba, ƙaura take yi.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu, wato auna majiya. Sojoji da hukumomin leƙen asiri na ƙasashe da yawa suna amfani da wani ma'auni mai ƙafa biyu: majiyar ana ba ta harafi daga A zuwa F, A wadda aka sha gwadawa ba ta taɓa ba da kunya ba, E wadda aka san maƙaryaciya ce, F wadda ba a san halinta ba tukuna. Shi kuma labarin kansa ana ba shi lamba daga 1 zuwa 6, 1 wanda wasu hanyoyi dabam suka tabbatar, 5 wanda da wuya ya zama gaskiya, 6 wanda ba a iya yanke hukunci a kai ba. In ka ga an rubuta B2 to mutumin kirki ne ya kawo labari mai kama da gaskiya. Ni da aka fara koya min sai na yi dariya, na ce ashe abin da muka baro a makarantar Islamiyya ne, malaman hadisi tun ƙarni nawa suke raba isnadi da matani, a duba wa ya ruwaito daban, a duba maganar kanta daban. Mutum mai gaskiya yana iya kawo labarin da ya ji a gurguje ya cuɗanya masa, ɗan ƙwaya kuma wata rana yana iya ganin abu da idonsa. Kar ka bar son da kake yi wa majiya ya ɗaga darajar labarinta.

Kuma hattara da tarkon da kowa ke faɗawa. Direba ya kira ka ya ce za a tare hanya ranar Juma'a, wani ɗan sanda ya faɗa maka haka, mai unguwa ma ya aiko da haka, sai ka ce alhamdulillahi majiya uku. Tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a ina ka ji? Sau da yawa sai ka tarar duk saƙon murya ɗaya ne na WhatsApp ya zagaya ya dawo maka ta ƙofa uku. Wannan majiya ɗaya ce, ita ma ba ka san fuskarta ba. Bi labari har tushensa, in ya tsaya a kan an ce an ce, rubuta haka ƙarara.

In labarin ya tsallake wannan sai ka tambaye shi abu huɗu. Masu abin suna da niyya? Suna da ƙarfin yi, wato mutane, makamai, iya haɗa bam, sanin dajin? Akwai kafa a wajenmu da za su bi? In sun yi nasara ɓarnar ta kai ina? Niyya ba ƙarfi barazanar baki ce, irin bidiyon da ake saki don a tsorata mutane. Ƙarfi ba niyya kuma abin sa ido ne don niyya kan canza a dare ɗaya. Abin da ya sa harin Oktoban 2021 ya fi nauyin da aka ba shi shi ne ya nuna an samu masu iya dasa abin fashewa a layin dogo a yankin, wanda ba aikin ɓarayin shanu na da ba ne. Maganar kafa kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi ciwo ta cikin gida ce. Jirgin saman kamfanin Daallo da ya tashi daga Mogadishu a Fabrairun 2016, kyamara ta nuna ma'aikatan filin jirgin ne suka miƙa wa maharin laftof mai bam bayan ya wuce wajen caje. Mu a nan mun san su da sunan infoma. Don haka tambayi waye ke ganin jerin fasinja, waye ya san tarago nawa manya ke zama, yaushe rabon da a sake tantance masu shara da 'yan dako.

Kafin ka rubuta komai, yi gardama da kanka. An kwance ƙarafan layi, to shirin hari ne ko kuwa masu sata ne za su kai wa 'yan gwangwan? Duka biyun suna iya kifar da jirgi amma maganinsu ba ɗaya ba ne, ɗaya sojoji yake so, ɗaya sintiri da bin kasuwar tsofaffin ƙarafa. Jera duk bayanin da zai yiwu, ka nemi hujjar da za ta rushe wanda ka fi so, ba wadda za ta goya masa baya ba. Wani abu kuma da ke ba ni haushi, a rubuta ƙabilar mutum ko gemunsa a matsayin hujja. Wannan lalaci ne, kana cutar bayin Allah kuma kana kashe majiyoyinka da hannunka, don mutanen rugar nan da ƙauyukan gefen layi su ne ke fara ganin baƙo.

Sai rubutu. Oganka ba shi da lokaci, wataƙila a mota zai karanta tsakanin mitin biyu, to layin farko ya ɗauki hukuncin gaba ɗaya: me kake ganin zai faru, a ina, cikin wane lokaci, kuma yaya ƙarfin zatonka. Tarihi da hujjoji su biyo baya. Raba abin da ka sani da abin da kake zato, kar su cakuɗe a jimla ɗaya. Ku yi yarjejeniya a ofis kan ma'anar kalmomi, don "mai yiwuwa" a wajenka kashi 70 ne, a wajen oga kashi 20, kowa ya tafi da fahimtarsa. Ingila ma matakai biyar ta tsayar na barazana, kowane da ma'anarsa a rubuce. Kar ka taɓa rubuta wai komai na iya faruwa a ko'ina a kowane lokaci don ka kare kanka, wannan ko mai shayi ya sani. Kar kuma kullum ka riƙa buga ƙararrawa, in ka yi ihu sau goma ba a ga komai ba na sha ɗaya ba mai waiwayowa.

Ka ba da zaɓi tare da kuɗinsa: a dakatar da jirgin dare, ko a ƙara jami'an rakiya, ko a riƙa duba layi kafin jirgi ya bi. Ba kai ke yanke hukunci ba, amma ka tuna duk matakin da ka jawo miliyoyin mutane ne za su ɗanɗana kuma cire shi wuya gare shi. Makircin bam na ruwa da aka bankaɗo a Ingila a Agustan 2006 shi ya haifo dokar hana shiga jirgin sama da abu mai ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100, wadda har yau ake ƙwace wa mutane turare da man shafawa saboda ita a yawancin filayen jirgi. Richard Reid ya ɓoye bam a takalmi a Disamban 2001, TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka da aka kafa wata ɗaya kafin nan ta zo ta sa kowa cire takalmi, sai a Yulin 2025 aka janye dokar. Don haka duk shawarar da ka bayar sa mata ranar da za a sake dubawa.

Rahoto kuma bai gama aiki ba don ka sa hannu. Bayan harin Maris 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya fito ya ce sun rubuta takarda sau biyu suna neman a daina jigilar dare, ministan sufuri Rotimi Amaechi shi ma ya ce ya nemi a amince da sayen na'urorin sa ido a layin ba a amince ba. Kowa da takardarsa a hannu, ihu bayan hari. Kai dai bi rahotonka da ƙafa, ya isa teburin mai ikon canza jadawali ko yana kwance a akwatin wasiƙa? An turawa DSS da 'yan sanda da sibil difens ɗin da ke yankin? Rubuta ranar da ka tura da wanda ya karɓa. Ta hanyar ofis kawai, ban da guruf ɗin WhatsApp, ban da labartawa a majalisa, sunan majiya kuwa ko matarka, don ran wani ne a hannunka.

Da aka dawo da jirgin Kaduna ranar 5 ga Disamban 2022 an tsaurara, har lambar NIN ake nema kafin a sayar maka da tikiti. Wata ɗaya bayan nan, 7 ga Janairun 2023, 'yan bindiga suka dirar wa tashar Igueben a jihar Edo suka kwashe fasinjojin da ke zaune suna jiran jirgi, ba su ma taɓa layin ba. Shi ya sa aikin farko da na ba ƙanen nawa shi ne ya zano min duk ƙananan tashoshin da ke layinsa, wace ce ba katanga, wace ce ba wuta da daddare, jami'ai nawa ke kwana a kowace, sannan ya sake kirana.