Kafin ka sa hannu kan takardar rance a Kumasi

Mai neman jari a Aboabo ko Asawase yakan tambayi abu ɗaya: nawa ne ruwan? Tambayar ba ta isa ba, domin cutar ba a bakin ma'aikacin mai ba da rance take ba, tana cikin abin da ake yankewa kafin kuɗin ya shigo hannunka.

Dokar masu ba da rance da masu karɓa ta 2020, mai lamba 1052, ta wajabta a ba ka takardar bayani tun kafin a ƙulla yarjejeniya. Ka nema, ka tafi da ita gida. Dole ta nuna uwar kuɗin, da kuɗin ruwa, da kowane caji, da jadawalin biya. Ka nemo adadin da ake kira APR, wato tsadar bashin a shekara idan an haɗa ruwa da caje-caje. Da shi ake gwada banki da banki, kuma Babban Bankin Gana yana wallafa na bankuna.

Sai lissafi, a nan ne aikin yake. A ce ka nemi sidi 5,000 na wata 6, ruwa kashi 4 cikin ɗari a wata. Aka cire 150 kuɗin fom, 50 na inshora, ka karɓi 4,800. Idan ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafa shi har ƙarshe, za ka biya 6,200, ka ga 1,400 ke nan a kan 4,800. Abin takaici, a wata na biyar kana biyan ruwan kuɗin da ka riga ka mayar. Don haka ka tambaya ƙarara: ruwan yana raguwa yayin da bashin ke raguwa, ko tsaye yake? Ka tambayi tarar jinkiri, da ko akwai caji idan ka biya kafin wa'adi.

Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbi babu rubutu, kuma ka karɓi kofinka.

In ka ga cajin da ba ya cikin takardar, ka kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin da ya ba ka rancen, ka riƙe shaida. Yana da kwana 20 na aiki ya warware. In ya ƙi, sai Babban Banki. Amma wannan hanya ta mai lasisi ce, shi ya sa ake fara duba sunan mai ba da rancen, musamman manhajojin waya, a jerin waɗanda bankin ya amince da su.