Yadda zaka jawo mai son dawaki zuwa Kano

Kuskuren da muke yi shine mu ce "ku zo Kano akwai tarihi", to wane tarihin? Mutum baya kashe kudin jirgi haka kawai, abinda ransa ke so ne ke taso shi. In mai son doki kake nema to kayi masa zancen doki kawai. Fara da lokaci, gaya masa Hawan Daushe washegarin Sallah ake yi, sannan Hawan Nassarawa ya biyo, kuma Sallah sai an ga wata don haka ya kara kwana biyu a tikitinsa, kaima ka tabbatar masarauta ta sanar za'a hau kafin ya biya otal. Dauki gajeren bidiyo da waya, jahi (wato sukuwar da mahaya ke yi su gaida sarki), yan lifidi, kakaki, ka dora a TikTok da Facebook, ka ambaci cewa UNESCO ta saka hawan Kano cikin al'adun duniya a 2024. Amma wallahi abinda yafi kama zuciya shine ka kaishi barga da sassafe yaga ana yiwa doki wanka da kwalliya, ya zauna da masu hada sirdi su sha hira. Mai son rini kuwa Kofar Mata zaka nuna masa, tallansa daban.