Tsohuwar kwamfuresar iska: a sayar ko a ci gaba da riƙe ta?

Kwamfuresa sassa uku ce: tanki, kan da ke dunƙule iska, da moto ko injin fetur da ke juya shi. Kai da moto ana gyara su, ana kuma sauya su. Tanki kuwa idan tsatsa ta ci shi daga ciki, magana ta ƙare. Saboda haka kafin a yi batun farashi, tankin za a fara dubawa.

A saki iskar ta ragu zuwa kamar bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsin iska), sannan a kwance ƙusar zubar da ruwa da ke ƙarƙashin tankin, a tara roba. Ruwa mai ɗan ja-ja ba abin damuwa ba ne, kowane tanki yana tara gumi. Abin tsoro shi ne ɓarɓashin tsatsa mai kauri, ko ƙusar ta toshe har sai an zura waya. Bayan haka a fitar da iskar gaba ɗaya, a bi ƙasan tankin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, musamman wajen ƙafafu da layin walda. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Inda ya sirance sai a ji sautin ya mutu. Idan akwai babban murfin zare a gefe, a buɗe a haska da tocila.

Tankin da ya fara huda kada a kai shi walda. Ƙaramar huda ɗaya alama ce cewa duk kewayenta ya zama siriri, kuma tanki mai lita 100 da ke riƙe da bar 8 idan ya tsage yana iya kashe mutum. Gwaji na gaskiya da ruwa ake yi: a cika tankin fal, a matsa shi da famfon hannu zuwa ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Ruwa ba ya dunƙulewa kamar iska, shi ya sa ko tankin ya gaza, tsiyaya kawai zai yi. Wanda ya faɗi wannan gwajin, na 'yan gwangwan ne, kuma a huda shi da kyau kafin a ba su, don kada ya koma hannun wani mai faci a matsayin na hannu.

Idan tanki ya tsira, sai a auna ƙarfin kan. A rufe hanyar fita, a fara daga sifili, a kunna, a duba agogo har ta kashe kanta. Lissafin mai sauƙi ne: litar tanki sau bar, a raba da mintuna. Tanki mai lita 100 da ya kai bar 8 cikin minti 4 yana ba da kusan lita 200 a minti. Idan sai da ya ci minti 8, rabin haka yake bayarwa, wato wuta ko fetur ɗin da ake ƙonawa ya ninka a kan aiki ɗaya. Wannan adadin shi za a gwada da aikin da ake yi. Busa taya da kaɗe ƙura ba sa cin iska sosai, ko gajiyayyiya za ta yi. Bindigar fentin mota kuwa tana son lita 200 zuwa 400 a minti ba yankewa, kuma kwamfuresar da ba ta kai ba za ta yi ta gudu babu hutu har ta yi zafi, fentin ma ya fito da tabo.

Jinkirin cika ba kullum ne yake nufin kan ya mutu ba. A hunturu filta tana toshewa da ƙura, wani lokaci wanke ta ko sauya ta kaɗai ya isa. Bel da ya saki yana zamewa. Idan aka danna tsakiyarsa da yatsa bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita 1 ba. Idan aka cire filta aka ji iska tana dawowa waje da ƙarfi, faifan bawul ne ko gasket, gyara mai arha. Amma idan mai yana fitowa ta tiyo, kuma iska na bulbulowa ta wajen zuba mai, ringin fistin ya cinye, mai yiwuwa har da silinda. Ƙwanƙwasa daga ƙasan kan kuma boris ne ko sandar fistin, nan kuɗi ya fara yawa. Man da ya koma fari kamar madara ruwa ne ya shiga, a juye shi.

Yoyo ana gano shi da ruwan sabulu a kan mahaɗai. Gajeren huci a lokacin da kwamfuresar ta kashe kanta daidai ne. Idan hucin ya ƙi tsayawa, bawul ɗin da ke hana iska komawa baya ne, kuma sau da yawa datti ne kawai a kan robarsa. A ja zoben bawul ɗin tsaro a tabbatar yana buɗewa. Wanda ya maƙale a sauya shi, kada a ɗaure.

Moto da ke gurnani ba ya tashi, galibi kafasita ce ko ƙarancin wuta. Wajen tashi moto yana jan wuta ninki biyar ko fiye, don haka ƙaramin janareta da doguwar waya siririya su ne ke ƙona kwayil. Masu shigowa daga Amurka a duba farantin bayanai da ke jikinsu: da yawa na volt 110 ko 120 ne da hertz 60, alhali wutarmu volt 230 ce da hertz 50.

Yanzu sai lissafin aljihu. A tara kuɗin gyaran, a tambayi farashin irinta mai lafiya a kasuwa kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna. A ganinmu, gyaran da ya haura rabin wannan farashin bai cancanta ba, sai dai idan kan na ƙarfen zubi ne mai bel, mai juyawa a hankali. Irin wannan yana jure gyara sau da yawa, ya fi ƙananan marasa mai da ke ihu nesa ba kusa ba, waɗanda idan sun gaji sayarwa ta fi.

Wadda ba a amfani da ita ma ajiyarta ba kyauta ba ce, domin ruwan da ke kwance a ciki yana ci gaba da cin ƙarfe. Idan an yi shekara ba a kunna ta ba, a sayar tun tana tashi. A sauya mai, a wanke jiki, a kunna ta a gaban mai saye ya ga lokacin cikarta da idonsa, a kuma faɗa masa aibinta. Idan tanki ne ya mutu, moto da kai a sayar da su daban-daban, sun fi kawo kuɗi a kan a auna su a kilo.