Kurakuran da ke ɓata ƙaramin akwatin kayan ado

Ƙaramin akwatin ajiye sarƙa da 'yan kunne ya fi wadrob tona asirin kafinta wallahi, don a hannu ake ɗaukarsa ana jujjuyawa, gibin da ba mai kula da shi a jikin gado, a nan shi ido zai fara gani.

Yawanci tun daga katako ake yin ɓarnar. Mutum ya ɗauko wanda bai gama bushewa ba ya yanka, bayan sati biyu murfi ya karkace ya ƙi zama. Katako kumbura yake yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawo ba, shi ya sa gindin akwati ba a shafe shi da gam, rami ake ja masa a jikin bangon a zura shi a bar masa ɗan wurin motsi, in ka manne shi ƙam wata rana za ka ji ƙas, ya tsage.

Sai kusurwa. Digiri 45 ake so a yanka kowane bakin katako, ba 44 ba, yanka takwas ne fa, ɗan kuskuren nan taruwa yake har kusurwar ƙarshe ta buɗe baki. Gwada a guntayen banza tukuna, ka haɗa da tef ba gam ka gani. Murfi kuma kar ka yi shi daban. Haɗa akwatin a rufe gaba ɗaya, in ya bushe ka raba da zarto, dole su dace.

Inda na fi shan wuya shi ne dasa ado, wato a fafe jikin katako a zaunar da wani mai launi daban a ciki. Da fensir na riƙa zagaye shi da farko, layin fensir kauri gare shi, ramin ya fito da faɗi, na cike gefen da gam da garin katako, abin ya yi kamar an zana masa kwalli. Da wuƙa mai kaifi ake zagayewa. Kar ramin ya yi zurfi kuma, gara adon ya ɗan ɗara sama ka kankare shi ya daidaita, amma a hankali, siririn katakon adon nan wani bai wuce milimita 0.6 ba, guga kaɗan da sanfefa, takardar goge katako, ka huda shi. In baƙi ne a cikin fari, ƙurar baƙin shigewa take cikin farin ta dafe shi, kankara ta fi guga a nan.

Gam ɗin da ya tsattsafo in ba ka cire ba, banish ba ya kama wurin, tabo zai fito.

Sukurun hinji na tagulla laushi gare su, ka fara huda rami, ka shigar da na ƙarfe ya buɗe hanya, ka goga wa na tagullar kyandir sannan ka ɗaura, in ba haka ba kan ya guntule a ciki ka rasa yadda za ka yi. Shimfiɗar ciki kuma ban da ulu, yana sa azurfa ta yi baƙi, karammiskin auduga za ka nema.