Yadda Nake Tsinka da Sarrafa 'Ya'yan Wardin Daji a Jamus

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, shingayen gonaki da bakin hanyoyin keke a nan kudancin Jamus kan cika da wasu jajayen 'ya'yan itace a jikin wata itaciya mai ƙaya. 'Ya'yan wardin daji ne, wanda ke fitar da fure fari ko ruwan hoda a watan Yuni. Jamusawa na ce musu Hagebutte, Turkawa kuma kuşburnu. Yawancin 'yan uwanmu da ke zaune a nan wuce su suke yi, sannan su shiga kanti su sayi shayinsu a kwali. Abin yana damuna, domin ga shi kyauta, kuma a lokacin da jiki ya fi bukatarsa, wato gab da shigowar hunturu.

Abin da ya fito da sunansu shi ne bitamin C. A giram 100 na ɗanyen naman ana samun abin da ya haura miligiram 400, alhali lemun zaƙi bai wuce wajen 50 ba. Adadin yana hawa yana sauka gwargwadon irin itaciyar da ƙasar da ta tsiro da lokacin tsinka. Jan launin daga sinadaran karotin da laikofen yake, irin waɗanda ke cikin karas da tumatir, kuma naman yana da fektin mai yawa, shi ya sa yake yin kauri in an dafa shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da lemo ya daina shiga Ingila ta teku, gwamnati ta sa jama'a, har da 'yan makaranta, su riƙa tsinko su daga 1941, ana yin ruwan zaƙi da su ana ba ƙananan yara.

Da farko ku tabbatar da itaciyar, domin akwai jajayen 'ya'ya masu guba a wannan lokaci. Wardin daji yana da ƙaya mai lanƙwasa, ganyensa biyar ko bakwai a kara ɗaya, gefensu tsaga-tsaga. Ɗan itacen dogo ne, santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, fatarsa sumul tana sheƙi, a bakinsa kuma akwai baƙin tabo inda furen ya bushe. Akwai wani iri mai manyan 'ya'ya kewayayyu da ya yawaita a gaɓar teku ta arewa. Ya fi nama, ya fi sauƙin gyara. Ku guji na bakin babban titi da na lambun da ake wa feshin magani. Doka ta yarda mutum ya ɗebi kaɗan don amfanin gidansa, ban da wuraren da aka keɓe don kare halittu. Ku sa safar hannu mai kauri, ku tafi da almakashi, kuma ku bar wa tsuntsaye rabonsu, da shi suke cin hunturu.

Lokacin tsinka ya danganta da abin da za ku yi. Idan busarwa ce, ku ɗebi waɗanda suka yi ja sosai amma suna da tauri in an matsa. Idan kuwa abin shafa wa burodi kuke so, ku jira sanyin farko ya daka su, su yi laushi, tsamin ya ragu. Ni na fi son masu taurin. Sun fi riƙe bitamin ɗinsu, kuma in ina son laushi sai in sa su a firiza kwana ɗaya. Duk wanda ya yi baƙi, ko yana da ɗan rami a jiki, ku yar, akwai tsutsa a ciki.

Gyaran ne ke korar mutane, kuma shi ne bai kamata a yi wa gaggawa ba. Ku yanke kai da gindi, ku tsaga shi biyu. Za ku ga naman siriri ne, cikin kuma cike da ƙwayoyi masu tauri, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, kwance cikin wani farin gashi mai laushin gani. Gashin nan kamar ƙaiƙayin gero yake: in ya taɓa wuya ko tsakanin yatsu sai an yi ta susa, in an haɗiye shi kuma yana damun maƙogwaro da hanji. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta koya mini aikin, da bayan ƙaramin cokalin shayi take kwarfe shi, tana tsoma yatsunta a kwanon ruwa bayan kowane 'yan kaɗan. Haka nake yi. Bayan an kwarfe, a wanke ɓawon a rariya ƙarƙashin famfo har sai ba a ganin gashi yana yawo a ruwan. Kada a bar yaro ya ci ɗanye da ƙwayoyinsa.

Wurin busarwa a nan ba a dogara da rana. Ku baza su a faranti, ku sa a oben a zafin digiri 40 zuwa 50, ƙofar a ɗan buɗe, har sai sun yi ƙaras suna karyewa. Wuta mai ƙarfi tana cinye bitamin C, haka ma daɗewa a iska bayan an tsaga, don haka ranar da aka gyara ranar za a busar. A zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda haske ba ya kaiwa.

Shayin kuwa, cokali biyu na busasshen a kofi biyu na ruwan sanyi, a bar shi ya kwana, da safe a ɗora a wuta kaɗan na minti 10, a tace da ƙyalle mai tsabta ko takardar tace kofi. Tukunyar silba ko ta tagulla ba ta dace ba, a yi amfani da ta ƙarfe marar tsatsa. Launinsa ba ya yin ja sosai shi kaɗai. Ku duba bayan kwalin shayin da ake sayarwa a kanti, za ku ga galibi an haɗa shi da zoɓo, shi ke ba shi jan nan da ƙarin tsami. Ni ma ina jefa zoɓon da aka aiko mini daga gida, da ɗan citta, sai zuma bayan ya huce.

Masu laushin kuma a dafa su da ruwa kaɗan, a murje a rariya mai ƙananan ido, a sake tacewa, a zuba sukari wajen rabin nauyin abin da aka samu, a tafasa na 'yan mintuna. Da irin wannan ake cika fanken yankin Franken na nan Jamus, a Suwidin kuma miya mai zaƙi suke yi da shi. Mai ciwon tsakuwar ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum.